Suna na Biyu a Takardar Gida

"Waye wannan?"

Tilo ta ɗago kai daga kwalayen maganin da take jerawa. Injiniya ne tsaye a gaban kanta, ko sallama bai yi ba. Hular aikinsa na hannu ɗaya, ɗaya hannun ya danne wata takarda a kan gilashi.

Ta dubi takardar. Kwafin fom ɗin da ta cike a ofishin filaye ne, na ƙara suna a takardar mallakar gida. Ga sunanta a sama, ga wani suna a ƙasa, an manna ɗan hoton wani namiji mai gemu a gefe.

"A ina ka samo wannan?"

"Ba shi na tambaye ki ba!"

"Don Allah ka rage murya, akwai mutane..."

"Saura kwana ashirin da uku a ɗaura mana aure, Tilo! Sai kawai a biyo ni har wurin aiki da takarda, wai yarinyar da zan aura za ta raba gidan mahaifinta da wani ƙato?"

Wata dattijuwa da ke jiran maganin hawan jini ta juyo tana kallonsu baki buɗe. Tilo ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata kanta, ta yi gaba zuwa sito, ya biyo ta. Da ta rufe ƙofa sai ta jingina da ita.

"Yayana ne," ta ce.

Ya yi wata dariya da babu daɗi a cikinta.

"Yayanki? Ke da duk duniya ke ce wa Tilo?"

"Ni ma haka na ɗauka... shekara ashirin da shida ina ɗauka ni kaɗai ce."

Sai ta ba shi labarin da ta daɗe tana haɗiyewa.

Kwana biyu kafin Abbanta ya rasu, a gadon asibiti, ya kama hannunta ya ce tana da wa. Kafin ya auri mahaifiyarta ya taɓa aure yana matashi. Zafin zuciya ya sa suka rabu, matar ta tafi da yaro a goye, girman kai ya hana shi bin sawu. Da yaron ya girma ya zama kafinta, ya buɗe shago a bayan tashar mota. Abba ya sani. Kunya ta hana shi tunkararsa, sai dai duk shekara ya aika a sayo masa kujeru daga shagon. Shi ya sa gidansu ya cika da kujeru har a baranda, ana ta yi masa tsiya wai ko ɗakin taro zai buɗe.

Bayan rasuwa, ƙanin Abba, wato Baffa, shi ya je ya shaida cewa 'ya ɗaya marigayi ya bari. Takardar gida ta fito da sunanta ita kaɗai.

Injiniya ya zauna a kan wani kwali. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta ga ya sauke numfashi. Har ta fara murna a ranta, sai ya ɗago.

"Tun yaushe kike zuwa wurinsa?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai... Kullum muna waya. Kullum ina maido ki gida. Launin labulen ɗakinmu ma sai da muka yi shawara. Amma kina da wa, ban sani ba?"

"Masoyina, ka saurare ni..."

"Me ya sa?"

Ta murza yatsunta. Akwai ƙarya guda uku a bakinta, kowacce za ta iya fitar da ita. Ta kasa faɗin ko ɗaya.

"Ranar da Ummanka ta zo gaisuwa," ta ce a hankali, "ta zagaya gidan har sama. Na ji tana ce wa ƙawarta, ɗanta ya huta da neman muhalli. Tun ranar nake jin tsoro. Tsoron in gaya maka rabin gidan ba nawa ba ne... in ga fuskarka ta canza."

Ya miƙe tsaye a hankali.

"Wato a zatonki gidan zan aura."

"Ban ce haka ba!"

"Kin ce. Wata bakwai kina faɗa, ni ne ban ji ba."

Ya ɗauki hularsa. Ta sha gabansa, hawaye na zuba.

"Aƙalla ka gaya min wa ya ba ka takardar."

"Gimbiya," ya ce, ya zagaye ta ya fita.

Gimbiya! 'Yar ƙanwar Ummansa ce, a ofishin filaye take aiki, a teburin karɓar takardu. Tun tana makaranta take rubuta sunansa a bayan littafinta, kowa a danginsu ya sani. Ranar da Tilo ta kai fom ɗin, har rungumarta ta yi tana cewa, "Anti amarya, ki bar komai a hannuna."

Ai kuwa ta bar mata.

Washegari da la'asar Tilo ta dawo daga kemis ta tarar da takalma uku a ƙofar falo. Baffa ne da Umma, mahaifiyar Injiniya, ga Gimbiya a gefe ta sunkuyar da kai kamar ta Allah. Dukansu a kan kujerun Yayanta suke zaune, ba su sani ba.

Ta durƙusa ta gaishe su. Umma ta amsa da kai kawai.

Baffa ne ya fara. "Ke yanzu asirin ɗan'uwana za ki tona yana kwance a kabari?"

"Baffa, shi da bakinsa ya gaya min."

"Zafin ciwo ne! Ni na tsaya a ofishin nan na ce ke kaɗai ce. So kike a ce na yi ƙarya da furfurata?"

"Ba na son a ce komai, Baffa. Haƙƙinsa kawai nake son ba shi."

Umma ta gyara mayafi. "Yarinya, ni ba na son doguwar magana. Mun nemi aurenki mun san gidan da kika fito. Yau an ce akwai wa, gobe kuma wa ya san me zai ɓullo? Mutumin da ba a san tarbiyyarsa ba ya zo ya zauna muku a gida, da zartonsa da gudumarsa?"

"Umma, mutumin kirki ne. Da kin gan shi..."

"Ba na buƙatar ganinsa. Ki janye takardar nan, ko kuma a ɗaga bikin sai mun yi tunani."

Gimbiya ta matso, murya kamar za ta yi kuka. "Anti, wallahi tausayinki ne ya sa na faɗa. Mu a ofis muna ganin yadda 'yan damfara ke yi wa marayu..."

Tilo ta dube ta sosai.

"Na gode, Gimbiya. Tausayin ne ya sa kika kai masa hoton ba tare da kin gaya masa sunan mahaifinmu ɗaya ba?"

Gimbiya ta kawar da kai.

Tilo ta juya ga manyan. "Ku gafarce ni. Ranar Alhamis aka ba mu mu je mu sa hannu, kuma zan je. Baffa, ana buƙatar shaida ɗaya. Ina roƙonka..."

"Ba da ni ba!"

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a tsakar falo, ta zaro waya ta kira Injiniya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Haka dai.

Ta rubuta, "Rabin raina, ka yi min magana ko da faɗa ne."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ranar Asabar ta kasa zama a gida. Ta share ɗakin da ta riga ta share, ta haɗa shayi ta manta da shi har ya huce. Daga ƙarshe ta ja mayafi ta nufi bayan tashar mota.

Kafinta na tsaye yana goge ƙafar wani tebur, fensir a maƙale a kunne, dusar katako har a gemunsa. Duk ranar da ta gan shi sai zuciyarta ta motsa, don goshin Abba ne sak, har yadda yake karkata kai idan yana sauraro.

"Ƙanwata," ya ce, bai yi murmushin da ya saba ba. "Zauna."

"Yaya, lafiya?"

"Baffa ya zo jiya."

Ta runtse ido.

"Ya gaya min komai. An ce aurenki na rawa saboda ni." Ya ajiye abin gugar. "Ba zan je ranar Alhamis ba."

"Yaya!"

"Saurara. Shekara talatin da huɗu na yi ba ni da gidan nan, ban mutu ba. Ina da shagona, ina da ɗakin haya, matata ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Abin da na rasa a duniya ɗan'uwa ne, kuma ranar da kika shigo shagon nan kina kuka na samu. Ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba! Kullum na buɗe ƙofar gidan sai in ji kamar kayan wani na ɗauka. Abba ya riƙe hannuna, Yaya... ya ce in gyara abin da ya kasa gyarawa."

"Ba da aurenki za ki gyara ba."

"In har sai na danne haƙƙinka zan yi aure, to a fasa!"

Tana faɗa ta ji maganar ta soke ta. Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Kafinta ya tsaya a kanta ya rasa yadda zai yi, ya miƙa hannu zai dafa ta, ya ga dusa, ya goge a riga, ya sake miƙawa.

"Kina son shi sosai ko?"

Ta gyaɗa kai.

"To me ya hana ki gaya masa tun farko?"

"Tsoro..."

"Kin ga irin ta Abba ke nan," ya ce a hankali. "Shi ma kujeru ya yi ta saya."

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san yadda suka wuce ba. A kemis sau biyu abokiyar aikinta na karɓe takardar likita daga hannunta, tana cewa, "Je ki zauna kafin ki ba wani maganin tsutsa a madadin na tari." Duk ƙarar waya sai ta zabura. Tela ta kira a kan a zo a gwada rigar biki, ta ce tana zuwa, ba ta je ba. Wata ƙawarta ta ce ta ga Gimbiya ta fito daga gidan Umma tana ta fara'a. Wata kuma ta ce ta ga motar Injiniya a wajen tasha, ko tafiya zai yi?

Tafiya!

Ta kira shi sau tara a ranar. Bai ɗaga ba.

Ranar Alhamis ta shirya ita kaɗai. Ta san babu Yaya, ta san babu shaida, amma ta ɗauki fayil ɗinta ta tafi, don in ta zauna a gida zuciyarta za ta fashe.

Ofishin cike yake. Fanka ɗaya ce ke aiki, tana juyawa da ƙyar. Ta karɓi lamba ta zauna a benci, tsakanin wani dattijo mai taswirar gona da wata mata mai goyo. Daga bayan gilashi Gimbiya ta hango ta, ta taso har inda take.

"Anti, ke kaɗai? Ina mutumin naki?"

"Yana zuwa."

"Allah ya sa. Ƙarfe biyu muke rufe sa hannu. In aka wuce yau kuma fom ɗin ya mutu, sai a sake sabon layi." Ta ɗan sunkuyo. "Ko in yaga miki shi kawai, kowa ya huta?"

"Ki koma bakin aikinki, Gimbiya."

Sha biyu ta yi.

Ɗaya ta yi.

Aka kira lambarta, ta ce a wuce ta. Dattijon ya gama ya tafi, mai goyo ta tafi. Tilo ta miƙe, ta je bakin taga, ta dawo, ta sake miƙewa. Ɗaya da rabi ta wuce. Ta fara haɗa takardunta, idonta ya cika har ba ta ganin rubutun.

"Malam, ka daina ja na, ai na ce zan shiga!"

Muryar Yaya ce!

Ta juya. Ga Kafinta a bakin ƙofa cikin rigarsa ta aiki, fensir na nan a kunne. A bayansa, riƙe da hannun rigarsa kamar wanda ya kamo mai laifi, Injiniya ne. Shi ma duk dusar katako a wandonsa.

Fayil ɗin ya suɓuce daga hannunta.

"Ƙanwata, wannan mutumin naki ba shi da sauƙi," Kafinta ya ce yana haki. "Kwana huɗu yana zaune min a shago! Ya hana ni aiki, ya karya min ƙusa ta fi ashirin wai yana taya ni. Yau kuma ya rufe shagon ya sa makulli a aljihu."

Tilo ba ta jin sa. Injiniya take kallo. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"Aka ce tafiya za ka yi..."

"Ina zan je?" Ya durƙusa yana tattara mata takardun. "Na je ne in ga mutumin da ya fi ni matsayi. Ina shiga ya ɗago kai, sai na ga Abba. Na nemi wuri na zauna."

"Umma fa?"

"Na gaya mata gidan ma'aikata zan kai ki, ɗaki biyu da falo. Tun bara na nema, tun kafin Abba ya kwanta. So na yi in ba ki mamaki." Ya miƙo mata fayil ɗin. "Kin ga ni ma na iya ɓoye magana."

"Ta yarda?"

"Ta yi faɗa har ta gaji. Jiya na kai ta shagon. Ta shiga tana harara, ta fito ta ba da aikin kabad."

Tilo ta yi dariya tana share hawaye.

"Saura minti goma sha biyu," ya ce. "An ce ana neman shaida."

Suka isa teburin su uku. Gimbiya ta dubi Injiniya.

"Yaya, ai ni..."

"Ba mu biro, ƙanwata," Injiniya ya ce, ba faɗa ba fara'a. "Maganar takardar mutane da kike fitarwa daga ofis kuma, wannan ya zama na ƙarshe."

Ta miƙa biron.

Tilo ta sa hannu. Kafinta ya karɓi biron ya tsaya yana kallon layin da aka buga sunansa, da sunan mahaifinsa a jikinsa.

"Ban taɓa ganin sunana kusa da na wani ɗan'uwa ba," ya ce.

"Sa hannu, Yaya."

Ya sa. Injiniya ya sa nasa a layin shaida. Gimbiya ta ɗaga hatimi ta buga, ƙarar ta cika ofishin da ya riga ya watse.

A waje rana na dukan matakala. Kafinta ya ce bari ya sayo ruwa, ya tsallaka titi, ya daɗe yana zaɓen ruwan da duk iri ɗaya ne.

Tilo ta tsaya a gaban Injiniya, kanta a ƙasa.

"Ka yafe min."

"Ban huce ba tukuna."

"Na sani..."

"Kwana shida ina ganin kiranki. Duk sanda na kai hannu zan ɗaga, sai in tuna kin dube ni kin ga mai kwaɗayin gini. Ya yi min ciwo, Tilo. Ya yi min ciwo sosai."

"Wallahi ba kai na raina ba. Kaina na raina. Gani nake in aka cire gidan, abin da ya rage bai kai a tsaya dominsa ba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ranar da na fara shiga kemis ɗinku, maganin mura na je saya. Kika ce min ba na buƙatar magani, in je in sha ruwa in kwanta. Washegari na dawo, jibi na dawo. Na san kina da gida a lokacin?"

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan fayil.

"To share idonki, abar ƙaunata. Amma ki yi min alkawari ɗaya. Daga yau, mai daɗi ko marar daɗi, ni za ki fara gaya wa."

"Na yi alkawari, masoyina."

"Ko da wani wan kika sake tsinta."

"Kai!" Ta kai masa duka da fayil, tana dariya cikin kuka.

Kafinta ya dawo da robar ruwa uku, ya tsaya tsakaninsu ya gyara murya.

"Malam, ɗan matsa baya. Wa ya ba ka izinin tsayawa da ƙanwata a titi?"

"Haba Yaya, ni fa na kawo ka!"

"Wannan daban. Auren nan a wurina ba a nema ba. Gobe ka zo gida da manyanka, ka zo min da makullin shagona, sannan in duba in ga ko ka dace."

Ya je kuwa, da manyansa da makullin.

Ba a ɗaga bikin ko da kwana ɗaya ba. Baffa ya yi fushinsa na sati biyu, ranar ɗaurin aure sai ga shi da sassafe, ya zauna kusa da ɗan ɗan'uwansa, da aka tashi kuma shi ya fara miƙa masa hannu. Gimbiya ta aiko cewa kanta na ciwo.

Da yamma, da motar amarya ta tsaya a ƙofar gida, Kafinta ne ya riƙo hannun ƙanwarsa ya fito da ita. Matarsa na biye da su tana share hawaye, don a satin suka tare a ƙasan gidan. Ya buɗe mata mota, ya sunkuya ta taga ya dubi ango.

"Ga ta nan. Ban daɗe da samunta ba, ka riƙe min ita da kyau."

"Da hannu biyu, Yaya," Injiniya ya ce.

Mota ta tashi. Tilo ta waiwaya ta gilashin baya, ta ga Yayanta a tsaye a bakin ƙofar gidan ubansu yana ɗaga mata hannu. Ba ta daina kallonsa ba har suka sha kwana, sannan ta juyo ta kwantar da kanta a kafaɗar mijinta.